Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin jami'o'inmu da malaman kimiyya, daga bencin wani mai rewaya

Assalamu alaikum iyayenmu shugabannin jami'o'in Arewa, da farfesoshi da daktoci masu koyar da fiziks da kemistiri da bayoloji da sauran fannonin kimiyya. Ranku ya daɗe, Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yan jama'a.

Ni dai a sakandare karatuna ya tsaya, sana'ata rewaya, wato naɗin kwayil na fanka da injin ruwa da janareto, kuma na haura shekara 20 ina wannan aikin. Na daɗe ina juya maganar nan a raina ban rubuta ba, sai satin da ya wuce wani bawan Allah ya zo karɓar janaretonsa da muka gyara, muna cikin hira yake ce min shi fa a cikin kicin yake tayar da shi da daddare ya ja ƙofa ya rufe saboda ɓarayi, kuma kicin ɗin jikin ɗakin da yaransa ke kwana yake. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na zaunar da shi na yi masa bayanin haɗarin hayaƙin janareto iya yadda na iya, ya tafi yana ta godiya, ni kuma na kwana ina tunanin wanda ya koya min wannan bayanin, da kuma dubban gidajen da babu wanda zai zaunar da maigidan ya faɗa masa.

Wanda ya koya min ɗin ɗaya daga cikinku ne, malamin fiziks ne a wata jami'a, Allah ya yi masa rasuwa yanzu, Allah ya jiƙansa da rahama. Ba zan kama sunansa ba don a rayuwarsa ma ba mai son a ambace shi ba ne. Mu dai Baba Dakta muke ce masa.

Shekara 8 na yi a hannun maigidana ina koyon aiki, ya koya min ƙirga zagayen waya da gane kaurinta da shafa banish da shanya kwayil, kuma har gobe ina yi masa addu'a, amma in ka tambaye shi me ya sa wannan zagayen ya fi wancan yawa sai ya ce haka muka tarar. Ba laifinsa ba ne, shi ma haka aka ba shi. Haka na buɗe nawa shagon, hannu ya iya aiki amma kai bai san dalili ba. Ranar da Baba Dakta ya fara zuwa injin ruwansa ne ya ƙone ya kawo a bayan wata tsohuwar Fijo, maimakon ya ajiye ya tafi kamar yadda manya ke yi sai ya karkaɗe benci ya zauna ya ce, ɗana me ya ƙona shi? Na ce rabin wuta ce Baba. Ya ce to ai in wuta ta yi ƙasa kamata ya yi inji ya samu hutu, ya aka yi ƙarancin wuta yake ƙona abu? Nai shiru. Kullum sai na faɗa wa kwastoma wannan kalmar ta rabin wuta amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba.

Sai ya nuna min wasu leburori da ke ɗiban yashi a wani gini tsallaken titi. Ya ce ka ga in an ce su cika ɗakin can da yashi kafin azahar, sai aka karɓe kwanon sarkin da ke kansu aka ba su ƙaramin kwano, ya za su yi? Na ce sai dai su ƙara yawan sawu. Ya ce to shi kenan ka ba kanka amsa. Ƙarfin wuta shi ne girman kwanon, yawan wutar da inji ke ja shi ne sawun, aikin ɗaga ruwa daga rijiya kuma bai ragu ba, in ƙarfin ya faɗi dole injin ya ƙara jan wuta ta cikin waccan siririyar wayar, waya tai zafi, banish ɗin da ya raba tsakanin zagaye da zagaye ya narke, waya ta taɓa 'yar uwarta, sai hayaƙi. Minti 10 bai cika ba ya warware min abin da na shekara ina gani ban gane ba, kuma da Hausa tsantsa, ko alli bai riƙe ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya sai ga shi ya dawo, ba da gyara ba. Ya zo da maganaɗisun tsohuwar sifika da wata mita mai allura, ya ce na ba shi kwayil ɗaya cikin waɗanda na naɗa, ya jona bakin wayoyin a mitar. Ya ce wa yarana na shago su matso. Ya tura maganaɗisun kusa da kwayil, allura ta motsa. Ya tsayar da hannunsa, allura ta koma ta kwanta. Ya janye, ta motsa ta ɗaya gefen. Ba batir, ba NEPA, ba komai. Yara suka dinga karɓa suna gwadawa da kansu har da mai shayin gefenmu da wani ɗan acaɓa da ya tsaya kallo, gani ya kori ji. Ya ce ba zaman maganaɗisu kusa da waya ne ke kawo wuta ba, motsin ne, kuma wannan ɗan abin da kuka gani shi ne a cikin janareton da kuke kwancewa kullum, shi ne kuma a Kainji da Shiroro, bambancin kawai can ruwa ne ke juya injin nan kuma fetur. Har yau ina ganin fuskarsa lokacin, mutum mai furfura amma idonsa na ƙyalli kamar yaron da aka saya wa keke, kamar shi ma ranar ya fara ganin allurar ta motsa.

A bakinsa na fara jin sunan Michael Faraday, kuma daga baya da waya ta zo hannu na bi labarin na karanta. Ina so ku ba ni dama na maimaita muku shi duk da na san kun fi ni saninsa, don akwai abin da nake gani a ciki wanda mai yiwuwa sai ɗan koyon sana'a zai gan shi. An haifi Faraday a 1791 a Ingila, ubansa maƙeri ne talaka, karatunsa na makaranta bai taka kara ya karya ba, yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai a Landan, ya shekara 7 yana yaron shago. A 1812 wani kwastoman shagon ya ba shi tikitin shiga laccar da wani babban masanin kemistiri mai suna Humphry Davy yake yi wa jama'ar gari a cibiyar Royal Institution. Yaron nan ya je ya zauna ya rubuce duk abin da ya ji, ya ɗinke shi ya zama littafi ya aika wa Davy, a 1813 aka ɗauke shi ɗan aike a ɗakin gwaje-gwaje yana wanke kwalabe. Shi ne a 1831 ya gano wannan abin na maganaɗisu da kwayil da duk wutar lantarkin janareto da taransifoma ta dogara a kai. To iyayena ku duba fa, da Davy ya ce shi babban masani ne ba shi da lokacin tsayawa gaban 'yan gari, da yaron shagon nan a ɗinkin littafi zai tsufa. Yaran shago nawa ne a kasuwanninmu, masu gyaran waya da masu walda da kanikawa, masu kwanya irin wannan da ba su taɓa samun ko tikiti ɗaya ba?

Kuma abin da ya fi burge ni, da Faraday ya zama babba bai manta ƙofar da ya shigo ta ita ba. A cibiyar tasu aka fara laccar yara ta lokacin Kirsimeti a 1825, shi da kansa ya gabatar da ita sau 19, kuma har yanzu ana yinta duk shekara ana haskawa a talabijin, yaƙin duniya na biyu ne kaɗai ya taɓa tsayar da ita na wasu shekaru. Wadda ta fi shahara cikin nasa a kan kyandir ya yi ta, zama 6 cur a kan kyandir kawai. Yadda lagwani ke tsotso narkakken kakin zuwa sama, da yadda ba kakin ne ke ci da wuta ba tururinsa ne, da iskar da wutar ke ci da wadda take fitarwa. Baba Dakta ya yi mana wannan ma a shago, ya hure kyandir ya kawo ashana kusa da hayaƙin da ke tashi ba tare da ya taɓa lagwanin ba, wuta ta bi hayaƙin ta koma ta kama. Sannan ya kifa kofin gilashi a kan kyandir muna kallo wutar ta yi ƙasa ta mutu.

Daga kan wannan kofin ya kawo mu maganar da ta sa na rubuto muku. Ya ce duk abin da ke ci da wuta iska yake ci, irin wadda mu ma muke shaƙa, kuma in wutar ba ta samu isasshiyar iska ba sai ta dinga fitar da wata guba da ake kira kabon monoksayid, ba ta da launi ba ta da wari, jinin mutum kuma yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau sama da 200. Mutum na barci zai shaƙa, in ma ya farka sai ciwon kai da jiri da kasala, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa zuwa ƙofa. Janareto na fitar da ita, gawayin kurfoti da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu a rufe taga shi ma haka. Sau nawa muke jin labari a rediyo an wayi gari an tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki, a unguwa kuma a ce aljanu ne ko sammu ko an sa musu guba a tuwo, har a zargi kishiya ko maƙwabci a ɓata zumunci na har abada? Wannan ilimin yana cikin littafin ɗan aji ɗaya na jami'a. Yana nan a kulle a wajenku da Turanci, mutanen da zai ceta kuma suna waje.

Wata rana na tambaye shi, Baba su abokan aikinka suna irin wannan fitar kuwa? Yai murmushi ya ce kaɗan ne, wasu ma ganin suke ya zubar da girmansa, dakta guda a bencin rewaya. Ya ce ranar da aka zauna duba ƙarin girma takardun da ka buga a mujallun bincike ake ƙirgawa, duk Asabar ɗin da ya yi a kasuwa ko makarantar firamare ko gidan rediyo ba ta da maki ko ɗaya. Bai faɗa da ɗaci ba, amma ni abin ya tsaya min a rai. Na ji ana cewa aikin malamin jami'a ƙafa uku gare shi kamar murhu, koyarwa da bincike da hidimar al'umma. To in har ƙafa ta ukun zaman kwamiti ne kawai a cikin harabar makaranta, ina al'ummar take?

Ba sai na tuna muku abin da shirun masana ya jawo mana ba, amma zan taɓa kaɗan. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, cutar ta bazu har wasu ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Ana yawan cewa jahilci ne, ni ban yarda a tsaya nan ba. Mutanen da suka ga abin da ya faru a 1996, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya gwada magani a kan yara 200 a Kano, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ai dole su ji tsoro, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Abin da ake buƙata a lokacin nasu ne na gida, wanda suka sani suka san gidansu, ya zauna a zaure ya buɗe musu yadda rigakafi ke aiki a jiki, ya saurari tambayarsu ba tare da raini ba. Sai a 2020 aka tabbatar mun rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali. A 2010 a Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka mutu da gubar dalma saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gida, ƙurar na zuba inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, kuma sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara sannan duniya ta sani. A Agustan 2014 kuma saƙo ɗaya na waya ya tashi ƙasar nan da tsakar dare kowa na wanka da ruwan gishiri yana sha wai maganin Ebola, har aka rasa rayuka. Ni kaina an buga min waya a daren nan. Yanzu kuwa abin ya fi da, duk wanda ya sayi data ya zama likita a TikTok da Facebook da WhatsApp, yana magana da Hausa mai daɗi da cikakken ƙarfin hali, mai ilimin gaskiyar kuma ya yi shiru ko ya yi da Turancin da tsohuwata ba za ta ji ba.

Na san abin da wasunku za su ce, Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Ranku ya daɗe mu a shago mun daɗe da mayar da kwayil da taransifoma da batir Hausa, ba wanda ya ba mu izini kuma aiki na tafiya. Inda kalma ta gagara ga kwanon sarki nan da yashi. Kuma kuna da sassan Hausa a jami'o'inku, a Bayero ma akwai cibiya sukutum ta nazarin harsunan Najeriya, me zai hana malamin kemistiri da malamin Hausa su zauna tebur ɗaya? Wannan ba sabuwar magana ba ce. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa ta jihar Maraɗi a 1929, masanin fiziks ne da ake ji da shi, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar daga 1969, inda suka dinga ƙera na'urar dafa ruwa da ta girki da hasken rana tun kafin sola ta zama abin yayi, ya kuma shugabanci jami'ar Yamai wadda yanzu sunansa take ɗauke da shi. Tun a 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara da harsunansu na gida. Mutumin da ya ƙure karatun fiziks da Faransanci ne fa ya faɗi haka. Ya rasu a 1991, maganar tasa na nan tana jiranmu.

Kuma ba wai babu masu yi ba ne ko kaɗan, kar na zama marar godiya. Malaman gona na Samaru a Zariya sun daɗe suna kai sakamakon bincike ga manoma ta rediyo da Hausa, shi ya sa manomi a ƙauye zai kira maka sunan irin wake ko masara na Samaru. Ga Dakta Mahmoud Bukar Maina ɗan Yobe, mai binciken ƙwaƙwalwa a jami'ar Sussex ta Ingila, da ya kafa ƙungiyar yaɗa kimiyya ga jama'a a Najeriya ya kuma tsaya aka samar da cibiyar bincike a jami'ar jiha a Damaturu. Akwai matasa likitoci maza da mata da ke ƙoƙari a waya da kuɗin datarsu. Amma duk ƙoƙarin mutum ɗaya ɗaya ne, ranar da ya gaji ko ya tafi shi kenan.

Ban manta halin da kuke ciki ba wallahi. Na san albashi ba ya kai wata, na san yajin aikin 2022 wata 8 ya ɗauka, na san akwai ɗakin gwaje-gwajen da ba wuta ba ruwa, malami ɗaya ɗalibai ɗaruruwa. Shi ya sa roƙon nawa ya fi karkata ga shugabanni, don bai kamata a ce sai mai irin zuciyar Baba Dakta, wanda zai zuba mai a motarsa da kuɗin aljihunsa, ne kaɗai zai iya fitowa ba. Ku sa wannan aikin cikin abin da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma, malamin da ya yi shirin rediyo da Hausa ko Kanuri ko Fulfulde, ko ya zagaya makarantu, ko ya zauna da ƙungiyar kanikawa ko ungozomomi ko masu haƙar ma'adinai, a rubuta masa a ba shi makinsa kamar yadda ake ba takardar mujalla. Jami'o'in da ke da gidan rediyo su ware ko rabin awa ne a sati a buɗe layi mutane su bugo su yi tambaya, kuma dan Allah kar a mayar da shi lacca, a bar mai tambaya ya ƙarasa maganarsa ko da a ganinku shirme ce, don a bayan wannan tambayar akwai mutum dubu masu irinta da kunya ta hana su. Ɗalibin da zai kammala digiri a sa shi ya koma unguwarsu ko ƙauyensu ya bayyana abin da ya bincika da harshen uwarsa kafin a sallame shi.

Abu na ƙarshe kuma shi ya fi damuna, ku buɗe mana ƙofa. Yawancin yaran shagona ba su taɓa taka cikin jami'a ba sai in an kira mu gyaran fanka, a bakin get ma sai an yi musu tambayoyi kamar masu laifi. Asabar ɗaya a wata ta isa, a ce yau ranar 'yan koyon sana'a ce da almajirai da 'yan matan islamiyya, su shigo su leƙa madubin nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa su ga abin da ke yawo a cikin ɗigon ruwan kududdufi da idonsu. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba sai an yi masa dogon wa'azi kan tafasa ruwa lokacin kwalara ba.

Maganaɗisun nan da mitar mai allura suna nan a durowar shagona, iyalinsa ne suka aiko min da su bayan rasuwarsa wai ya ce a ba ni. Duk yaron da aka kawo min koyon aiki, ranar farko kafin ya taɓa sukundireba sai na ɗora masa maganaɗisun a hannu ya ga allurar ta motsa. Kwanan nan wani ƙaramin cikinsu ɗan shekara 13, da muka je haɗa sola a wani gida, ya tsaya yana ta kallon faifan a kan rufi sannan ya ce min, Oga ka ce sai abu ya motsa ake samun wuta, to wannan ga shi a kwance ba abin da ke juyawa a ciki, daga ina tasa wutar take fitowa? Na ce masa wannan tambayar ta manyan malamai ce kuma zan rubuta musu. To ga shi na rubuto. Muna buɗe shago ƙarfe 8 na safe, ranar Asabar bayan la'asar aiki na sauƙi, bencin nan kuma yana ɗaukar mutum biyar.

Wassalam, naku ɗanku mai rewaya.